Kiristanci a Japan: me ya sa mabiyansa ba su da yawa amma tasirinsa ya cika gari?

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa ya ga hotunan Tokyo a watan Disamba, an ƙawata tituna da fitilun Kirsimeti, ya kuma ji cewa amare da angwaye da yawa a can a ɗaki mai kama da coci ake yi musu biki. Amma da ya bincika sai aka ce masa Kiristocin ƙasar ba su wuce mutum ɗaya cikin ɗari ba. Yana so ya san yadda addinin ya shiga Japan, abin da ya hana shi yaɗuwa, da kuma dalilin da ya sa ake ganin alamunsa haka.

Malam, lissafin da aka ba ka daidai ne. A ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 120, Kiristoci kimanin kashi 1 cikin 100 ne, kuma sun daɗe a haka. Idan ka bi tarihin daga farko za ka ga abu ɗaya ne yake ta dawowa, wato maganar biyayya. Idan umarnin mai mulki ko hakkin kakanni ya ci karo da abin da addini ya ce, wanne mutum zai bi? Masu mulkin Japan sun yi wa Kiristanci wannan tambaya a ƙarni na 16, sun sake yi a ƙarni na 19 da na 20, kuma a cikin gidaje har yau ana yin ta, sai dai yanzu babu takobi.

A 1543 wani jirgin ruwa ɗauke da 'yan Fotugal ya isa tsibirin Tanegashima a kudancin ƙasar, da bindigogi a tare da su. Bayan shekara shida, ranar 15 ga Agusta 1549, Francis Xavier, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Jesuit ta Katolika, ya sauka a Kagoshima. Jagoransa wani ɗan Japan ne mai suna Anjiro, wanda ya tsere daga gida saboda laifin kisan kai, suka haɗu a Malaka. Xavier bai wuce shekara biyu da 'yan watanni a ƙasar ba, ya rasu a 1552 a wani tsibiri kusa da gaɓar Sin, amma ya bar abokan aikinsa a baya.

Sun zo a kan gaɓa. Japan a lokacin tana cikin yaƙin basasa mai tsawo. Sarkin sarakuna yana Kyoto da suna kawai, ƙasa kuwa tana hannun sarakunan yaƙi da ake kira daimyo, kowa yana neman ya haɗiye maƙwabcinsa. Daular Sin ta hana ciniki kai tsaye da Japan, sai 'yan Fotugal suka shiga tsakani daga Makau, suna kawo silikin Sin da dalma da sinadarin haɗa albarushi, suna kwasar azurfa. Jirgin fatake yakan tsaya ne a tashar da aka karɓi limaman Kirista hannu biyu, kuma sarakunan tsibirin Kyushu ba su daɗe ba suka gane haka. Omura Sumitada ya karɓi baftisma a 1563, shi ne na farko a cikin daimyo. Otomo Sorin ya bi a 1578, Arima Harunobu a 1580. A wannan shekarar ta 1580 Omura ya damƙa wa 'yan Jesuit garin Nagasaki dungurungum. Oda Nobunaga, wanda ya fi kowa ƙarfi a zamanin, bai shiga addinin ba, amma ya sakar wa baƙin mara domin yana fama da manyan gidajen ibadar Buddha masu rundunonin yaƙi. Shi ne ya ƙone na dutsen Hiei a 1571.

Dole a faɗi ɓangare biyu a nan. Wasu sarakunan da suka tuba sun tilasta wa talakawansu bin su, sun rushe wuraren bautar Buddha da na Shinto, addinin gargajiyar Japan, da sanin wasu limaman, har da ƙarfafawarsu. Wannan ya faru, kuma ya bar ƙiyayya. Amma wanda ya ce kasuwa ce kaɗai ta jawo mutane bai yi wa talakawan adalci ba, domin bayan sarakunan sun juya baya, manoma da masunta ne suka tsaya har aka kashe su. Mutum ba ya ba da wuyansa saboda siliki. Akwai abin da suka gani: asibitin da Luis de Almeida ya buɗe a Funai a 1557, inda ake kula da kutare, da gidan renon jariran da iyaye suka kasa riƙewa, da kuma yadda ake yi wa matalauci jana'iza ta mutunci kamar mai kuɗi.

Wanda ya fi hangen nesa a cikin baƙin shi ne Alessandro Valignano, ɗan Italiya da ya zo a 1579. Ya lura cewa Japanawa suna ƙyamar ƙazanta da rashin ladabin Turawa, sai ya umarci limamai su koyi harshe, su koyi zama da gaisuwa da cin abinci irin na masu gida, a kuma horar da 'yan ƙasa su zama limamai. Ya buɗe makarantu a Arima da Azuchi. Tare da shi ne wani Ba'afirke da aka sani da Yasuke ya zo, wanda daga baya ya shiga hidimar Nobunaga. A 1582 Valignano ya tura samari huɗu Turai, suka gana da Fafaroma Gregory na 13 a 1585, suka dawo a 1590 da injin buga littattafai. Da wannan injin aka buga littattafai da harshen Japan cikin baƙaƙen boko, aka kuma fitar da ƙamus na Japananci da Fotugis a 1603 mai kalmomi sama da 30,000, wanda masana harshe suke dogara da shi har gobe don sanin yadda ake magana a wancan zamani. Zuwa farkon shekarun 1600 ana ƙiyasta Kiristoci sun kai 300,000. Idan aka auna da yawan jama'ar lokacin, kason ya fi na yau.

Toyotomi Hideyoshi, wanda ya gaji ƙarfin Nobunaga, shi ne ya fara juya akalar. Da ya ci Kyushu da yaƙi a 1587, ya ga da idonsa gari guda a hannun baƙi da sarakuna masu sauraron limaman waje. Ya aika wa shugaban 'yan Jesuit, Gaspar Coelho, da tambayoyi: me ya sa kuke tilasta wa mutane, me ya sa ake rushe wuraren bauta, me ya sa kuke cin naman doki da shanu da ake noma da su, kuma me ya sa 'yan Fotugal ke sayen Japanawa bayi suna fita da su? Tambayar ƙarshe tana da tushe, cinikin bayin gaskiya ne. Ya ba da dokar korar limamai, amma bai matsa ba saboda yana son cinikin. A 1596 jirgin Sifen mai suna San Felipe ya lalace a gaɓar Shikoku, labari ya kai kunnen Hideyoshi cewa Sifen takan tura masu wa'azi a gaba, sojoji su biyo baya. Filifin tana nan kusa, ta riga ta faɗa hannun Sifen, don haka maganar ba ta yi masa kama da tatsuniya ba. Aka kama mutane a Kyoto da Osaka, aka yanke musu ɓangaren kunne, aka kora su a ƙafa cikin tsananin sanyi har Nagasaki. Ranar 5 ga Fabrairu 1597 aka gicciye mutum 26 a kan tudun Nishizaka, 20 Japanawa, 6 baƙi. Ƙaraminsu yaro ne ɗan shekara 12.

Da gidan Tokugawa ya karɓi mulki, sai ga 'yan Holan da Ingila sun iso, su kuwa 'yan Furotesta ne da ke gaba da Sifen da Fotugal, kuma sun nuna za su yi ciniki ba tare da wa'azi ba. Dalilin haƙuri da limamai ya kau. A 1614 Tokugawa Ieyasu ya haramta addinin a faɗin ƙasa. Takayama Ukon, babban jarumi kuma gwani a al'adar shan shayi, ya riga ya yarda ya rasa ƙasarsa a kan ya bar addininsa, a wannan shekarar aka kore shi zuwa Manila, ya rasu can a 1615. A 1622 an kashe mutum 55 a rana ɗaya a Nagasaki, wasu da wuta, wasu da takobi.

Sai hukuma ta lura cewa kisa a bainar jama'a yana ƙara wa masu kallo ƙarfin zuciya ne. Daga nan ta sauya dabara, ta koma neman mutum ya fita daga addinin da bakinsa. Aka ƙirƙiro azabar rami: a ɗaure mutum tamau, a rataye shi kai ƙasa cikin rami mai ƙazanta, a ɗan tsaga fata kusa da kunne don jini ya riƙa ɗiga kada ya mutu da wuri, a bar masa hannu ɗaya sake domin ya yi alama idan ya sallama. A 1633 shugaban 'yan Jesuit na Japan da kansa, Cristóvão Ferreira, ya ɗaga hannu bayan 'yan sa'o'i. Aka ba shi sunan Japanawa da mata, ya ƙare rayuwarsa yana yi wa hukuma aiki. A wannan zama ɗaya aka rataye Julian Nakaura, ɗaya daga cikin samarin nan huɗu da suka je Roma, shi kuwa ya jure kwanaki har ya cika. Wannan zamani ne marubuci Endo Shusaku, wanda Katolika ne, ya gina shahararren littafinsa na 1966 a kai, inda ya damu da waɗanda suka kasa jurewa fiye da waɗanda suka jure.

A ƙarshen 1637 manoman Shimabara da Amakusa suka yi tawaye. Yunwa ce da harajin zalunci na sarakunansu, Matsukura da Terazawa, suka kai su bango, amma yawancinsu Kiristoci ne, kuma ƙarƙashin tutar addini suka fito, da wani saurayi ɗan kimanin shekara 16, Amakusa Shiro, a gaba. Suka shige tsohuwar ganuwar Hara. Gwamnati ta tara mayaƙa sama da 100,000, har ta nemi jirgin 'yan Holan ya yi musu ruwan igwa daga teku, ya kuma yi. Da ganuwar ta faɗi a 1638, an kashe kusan duk wanda ke ciki, kimanin 37,000, har mata da yara. A 1639 aka kori 'yan Fotugal gaba ɗaya. A 1641 aka killace 'yan Holan a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki. Ƙofar Japan ta zauna kusan a rufe ga Turai fiye da shekara 200.

A ganina, babban tasirin Kiristanci a kan Japan na farko a nan yake, kuma ta hanyar tsoronsa ya zo. Don a tabbatar babu Kirista, aka wajabta wa kowane gida ya yi rajista a wani gidan ibadar Buddha, limamin wurin ya ba da shaidar cewa mutanen gidan ba Kiristoci ba ne. Aka haɗa gidaje biyar biyar, laifin ɗaya ya shafi sauran. Aka kafa alluna a mararraba da ke shelanta ladan azurfa ga duk wanda ya tona asirin limami ko mabiyi. Littattafan rajistar nan da ake sabuntawa duk shekara sun zama tamkar ƙidayar jama'a, masana tarihi suna amfani da su yau. Kuma ɗaurin da ke tsakanin kowane iyali da gidan ibadar da ke binne matattunsa, wanda har yanzu shi ne ƙashin bayan addinin Buddha a Japan, a wannan zamani ya yi ƙarfi.

Sannan akwai fumi-e. A Nagasaki, duk farkon shekara jami'ai kan bi gida gida da faifan tagulla mai siffar Yesu ko Maryamu. A ajiye shi a ƙasa, a kira sunan kowa daga littafi, mai gida ya fara takawa, sai matarsa, sai yara, sai barori. Jariri uwarsa ce za ta ɗauke shi ta dangwala ƙafarsa a kai. Majinyacin da ba ya iya tashi, a kai masa faifan har shimfiɗa. Jami'i yana zaune yana kallon fuskar mai takawa, ko zai ga ɗari-ɗari.

Duk da haka addinin bai mutu ba. A Urakami da Sotome da ke kusa da Nagasaki, da tsibiran Goto, Hirado, Ikitsuki da Amakusa, dubban mutane sun riƙe shi a ɓoye fiye da shekara 200 ba tare da limami ko ɗaya ba. Sukan taka faifan, su dawo gida su karanta addu'ar neman gafara da suka haddace. Sun tsara kansu yadda ya kamata: akwai dattijo mai riƙe da lissafin kwanaki, wanda ya san ranar Kirsimeti da lokacin azumi da Ista, akwai mai yi wa jarirai baftisma, akwai mai kai saƙo gida gida. Addu'o'in da baki ake gadonsu, cakuɗe da Latin da Fotugis da Japananci, har ma'anar wasu ta ɓace sautin ya rage. A ɗaki sukan ajiye mutum-mutumin Kannon, abar girmamawa ta mabiya Buddha da ake sassaƙawa wani lokaci da jariri a hannu, jami'i ya gani ya wuce, su kuwa Maryamu suke nufi. Idan an yi mutuwa, limamin Buddha ya zo ya yi karatunsa kamar yadda doka ta ce, su kuma a wani ɗaki suna karanta addu'ar da suka yi imani tana warware nasa. Ko mutum yana bin addinin ko ba ya bi, wannan riƙo na talakawa marasa karatu, kaka ya miƙa wa jika har zuriya bakwai, abu ne da ya cancanci a girmama.

Jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin kwamandansu Perry sun zo a 1853, yarjejeniyoyin 1858 suka ba baƙi damar gina wa kansu wuraren ibada. Limaman Faransa suka gina cocin Oura a Nagasaki. Ranar 17 ga Maris 1865 wasu mutum goma sha wani abu daga Urakami suka shigo kamar 'yan kallo. Fada Bernard Petitjean yana durƙushe yana addu'a, wata mata ta matso kusa ta raɗa masa cewa zuciyarsu ɗaya ce da tasa, ta tambaye shi ina siffar Maryamu take. Turai ta ɗauka an shafe su tun tuni.

Amma dokar haramci tana nan daram. Da mutanen Urakami suka ƙi kiran limamin Buddha wajen jana'iza, aka fara kame a 1867, sabuwar gwamnatin Meiji da ta hau a 1868 kuma ta ɗora daga nan. Aka kwashe mutum sama da 3,000 aka warwatsa su yankuna daban-daban, fiye da 600 suka mutu a tsare. Abin da ya cece su siyasar waje ce. Tawagar Iwakura da ta tafi Amurka da Turai a 1871 don neman gyara yarjejeniyoyin da suka tauye Japan, duk inda ta je sai an tare ta da maganar Urakami. A 1873 aka cire allunan haramci. Waɗanda suka dawo gida suka sayi filin gidan mai garin da a da ake sa su taka faifai a cikinsa, suka shafe shekaru suna tara kuɗi da ɗaukar bulo, suka gina babban cocin Urakami a wurin. Ranar 9 ga Agusta 1945 bam ɗin nukiliyar Amurka ya fashe kimanin mita 500 daga wannan coci. Cikin Katolika kimanin 12,000 na unguwar, wajen 8,500 suka mutu. An sake gina cocin a 1959.

Ba duka masu ɓoyon ne suka koma Katolika ba. Wasu, musamman a Ikitsuki, suka ce abin da kakanninsu suka mutu a kai shi za su ci gaba da yi, ko da ya bambanta da na limaman da suka dawo. Yau sun rage kaɗan, yawancinsu tsofaffi. A 2018 UNESCO ta saka wurare 12 masu alaƙa da wannan tarihi cikin kayan tarihin duniya.

Yanzu ga inda tasirin da kake gani ya fi samo asali. Zuwan masu wa'azi na biyu, daga 1859, 'yan Furotesta ne suka fi yawa a cikinsa, akasari daga Amurka, kuma da yake an hana su wa'azi da farko, sai suka shiga ta ƙofar koyarwa da magani. James Hepburn likita ne, ya yi ƙamus na Japananci da Ingilishi a 1867, kuma tsarinsa na rubuta Japananci da boko shi ake gani a allunan tashoshin jirgin ƙasa. Waɗanda suka fara amsa kira yawanci 'ya'yan samurai ne, wato ajin mayaƙa na da, da dama daga gidajen da suka sha kaye a juyin 1868, matasa masu ilimi da suka rasa ubangidan da za su bauta wa. Niijima Jo ya kafa makarantar Doshisha a Kyoto a 1875. Jami'o'in Rikkyo, Aoyama Gakuin da Meiji Gakuin duk daga makarantun mishan suka taso, 'yan Jesuit kuma suka dawo suka buɗe jami'ar Sophia a 1913. Ilimin mata ne ya fi cin moriya, domin gwamnati ta fi mai da hankali ga maza a matakin gaba da firamare. Tsuda Umeko, wadda aka tura Amurka tana 'yar shekara 6 tare da tawagar Iwakura, ta dawo Kirista ta kafa makarantar mata a 1900. Hotonta ne a takardar yen 5,000 da aka fitar a 2024. Kafin ita, Nitobe Inazo, shi ma Kirista, ya taɓa zama a kan wannan takarda. Daga Rasha kuma Nikolai Kasatkin ya zo Hakodate a 1861 ya dasa cocin Otodoks, bai bar mabiyansa ba ko da ƙasarsa ta gwabza da Japan a 1904.

Haka abin yake a aikin jinƙai. Ishii Juji ya buɗe gidan marayu a Okayama a 1887. Hannah Riddell ta buɗe asibitin kutare a Kumamoto a 1895. Yamamuro Gunpei ya yaƙi gidajen karuwai masu lasisi inda ake riƙe mata da bashi. Kagawa Toyohiko ya tare a unguwar matalauta ta Kobe a 1909, ya shiga gwagwarmayar ma'aikata, ya taimaka aka kafa ƙungiyar gama-kai ta masu saye wadda har yau take aiki a Kobe. Jam'iyyar gurguzu ta farko da aka kafa a 1901, biyar daga cikin mutum shida da suka kafa ta Kiristoci ne.

Sai tsohuwar tambayar ta dawo. Gwamnatin Meiji ta gina ƙasa a kan girmama sarkin sarakuna a matsayin jinin alloli. Tsarin mulkin 1889 ya ba da 'yancin addini, amma da sharaɗin kada ya saɓa wa wajibin talaka ga sarauta. A 1891 malamin makaranta Uchimura Kanzo ya ƙi sunkuyawa sosai a gaban takardar umarnin sarki kan tarbiyya mai ɗauke da sa hannunsa. Jaridu suka yi masa ca, ya rasa aikinsa. Uchimura mai kishin ƙasa ne na gaske, ya ce abu biyu yake ƙauna, Yesu da Japan, kuma ya ƙi jinin yadda 'yan mishan ke shigo da rarrabuwar ɗarikunsu, har ya kafa tafarkin nazarin Littafi Mai Tsarki ba tare da coci ba. Almajirinsa Yanaihara Tadao an kore shi daga jami'ar Tokyo a 1937 saboda sukar yaƙin da ake yi da Sin, bayan yaƙi ya dawo ya shugabanci jami'ar. Irinsu ba su da yawa. Yawancin coci-coci sun bi gwamnati. A 1941 aka haɗe ɗarikun Furotesta wuri guda ƙarƙashin idon hukuma, suka goyi bayan yaƙi, sai a 1967 suka fito fili suka amsa laifinsu. Fastocin da suka ƙi, kamar na ɗarikar Holiness da aka kama a 1942, wasunsu a kurkuku suka mutu.

Bayan 1945 kowa ya zaci lokaci ya yi. Janar MacArthur, shugaban sojojin Amurka da suka mamaye Japan bayan yaƙin duniya na biyu, ya yi kira a turo masu wa'azi da Littafi Mai Tsarki da yawa, tsarin mulkin 1947 ya ba da cikakken 'yanci. An yi ɗan cincirindo na 'yan shekaru, sannan ya lafa. Kwatanta da Koriya ta Kudu, inda Kiristoci suka haura kashi ɗaya cikin huɗu. A can Japan ce mai mulkin mallaka, coci kuwa ta tsaya tare da masu neman 'yanci, 16 daga cikin mutum 33 da suka sa hannu a shelar 'yanci ta 1919 Kiristoci ne. A Koriya zama Kirista ya tafi tare da kishin ƙasa. A Japan kullum addinin baƙon da ake tsoro ne, ko na wanda ya ci ka da yaƙi.

Babban shingen kuwa a cikin gida yake. A gidaje da yawa akwai ɗan akwatin bauta na kakanni, ana ajiye masa shinkafa da turare, a watan Agusta iyali su koma garinsu don bikin Obon su share kabari. Kula da wannan hakki ne a wuyan babban ɗa. Idan ya zama Kirista, tambayar da uwarsa za ta yi masa ita ce wa zai kula da kabarin babansa, da nata in ta mutu. Ƙari a kan haka, ɗan Japan bai saba da addinin da ke cewa ni kaɗai ba. Jariri a kai shi wurin bautar Shinto, gawa a kai wa limamin Buddha, ba wanda ke ganin karo a ciki. Kuma tun harin iskar guba da ƙungiyar Aum Shinrikyo ta kai a jirgin ƙasan Tokyo a 1995, mutane sun ƙara ɗari-ɗari da duk wata ƙungiyar addini mai neman mambobi.

To a cikin wannan tsari ne Kirsimeti da bikin coci suka samu gurbi, aka ba su fannin murna da soyayya. Ranar 25 ga Disamba ba hutu ba ce, ana zuwa aiki. Daren jajibiri na masoya ne, da kek mai farin kirim da jan 'ya'yan itace a kai, da soyayyen kaza, al'adar da tallar kamfanin KFC ta 1974 ta yaɗa. Bikin aure salon Kirista ya zama mafi farin jini tun daga shekarun 1990, amma yawanci a ɗakin da otal ya gina ake yi, mai jagorantar bikin sau da yawa Bature ne da aka ɗauka aiki, ba lallai fasto ba. Auren kansa a ofishin ƙaramar hukuma ake ƙulla shi da takarda. Hutun Lahadi ya shigo ofisoshin gwamnati a 1876 don daidaitawa da Turai. Kek ɗin kasutera na Nagasaki da suyar tempura kuwa tun zamanin 'yan Fotugal suke.

Saboda haka kada fitilu su ruɗe ka, Malam, ba su ne ma'aunin ba. Ma'aunin shi ne iyayen da ba Kiristoci ba suna rububin kai 'ya'yansu makarantun mishan, da asibitoci irin St. Luke's na Tokyo, da kuma cewa wannan 'yar ƙaramar al'umma ta fitar da firaministoci da dama, daga Katayama Tetsu a 1947, zuwa Ohira Masayoshi, Aso Taro, da Ishiba Shigeru da ya hau a 2024. Miliyoyin Japanawa sun zauna a ajin da ake karanta Littafi Mai Tsarki da safe, sun fita suna ganin girman addinin, ba su shiga ba.

Coci-cocin kansu yau tsufa suke yi kamar sauran ƙasar. A karkara ana haɗe majami'u saboda ƙarancin fastoci da limamai. Sabon jinin daga waje yake zuwa: ma'aikata 'yan Filifin, Biyetnam da Brazil ne ke cika kujeru a coci-cocin Katolika da yawa, ana yin ibada da harsunansu. Babban limamin Katolika na Tokyo, Tarcisio Isao Kikuchi, wanda aka naɗa kadinal a Disamba 2024, ya yi shekarun farko na aikinsa ne a ƙauyukan Ghana, kuma babban aikin da ke gabansa shi ne haɗa tsofaffin Japanawa da waɗannan matasa baƙi su zama jama'a ɗaya.